Harsunan kwamfuta: wanda ya cika kasuwa ba shi ne mai tsada ba

Duk mai yawo a titunan Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa ya ga yadda allunan cibiyoyin koyar da kwamfuta suka yawaita, kuma duk mai riƙe da salula ya taɓa cin karo da irin tallan nan da ake turawa daga wannan zaure na WhatsApp zuwa wancan: a kawo yaro ya koyi rubuta manhaja cikin wata uku ko shida, ya fara ɗaukar albashi da kuɗin waje yana zaune cikin ɗakinsa. Masu biyan kuɗin wannan horo ku ne ƴan kasuwa, musamman iyayenmu mata da ke kwance bakin zane ko su jira ranar kwasar adashi, don kada yaro ya gama bakaloriya ya koma fada yana dafa shayi. Tunda kuɗin gumi ne, ya dace a san kayan da ake saye. Shi ya sa yau muka leƙa kasuwar wannan sana'a, can inda take ci sosai, don mu ga abin da ke ɗaga farashi da abin da ke kayar da shi.

Kwamfuta da salula ba su jin Hausa, ba su jin Faransanci. Duk abin da suke yi, wani ne ya zauna ya rubuta masu umurni layi bayan layi: idan Hajiya ta danna nan, a cire jikka hamsin daga asusunta, a ƙara a na mai kayan da ke Yamai, a aiko mata saƙon shaida. Wannan rubutaccen umurni shi ake kira manhaja, mai rubuta shi kuma injiniyan manhaja. Duk ranar da kika aika kuɗi ta Nita ko Amana, aikin irin waɗannan mutane ne ke tafiya a bayan allon. Umurnin kuwa da wasu harsuna na musamman ake rubuta shi, kuma suna da yawa, sun kai ɗaruruwa. Akwai Python, akwai Java, akwai JavaScript, akwai PHP, akwai tsohon nan COBOL. Kowane da inda ya fi ƙwarewa, kamar yadda makanikin babur daban yake da na babbar mota, ko da yake dukansu da baƙin mai suke wuni.

Maganar kuɗi a sana'ar ba ƙarya ba ce. Ofishin ƙididdiga na ma'aikatar ƙwadago ta Amurka ya nuna cewa a shekara ta 2024 matsakaicin albashin mai rubuta manhaja a can ya ɗan haura dala dubu 130 a shekara. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa mai tamma biyar ba. Idan aka juya shi ya zarce miliyon 70 na sefa, wato wajen miliyon 6 kowane wata, alhali mafi ƙanƙantar albashi a nan Nijar jikka 42 ne tun watan Janairun 2024. Daga cikin wancan kuɗi ne dai ake cire haraji, da hayar gida mai tsadar gaske, da inshorar asibiti, to amma ko an cire, abin da ya rage ya isa ya sa yaro ya kasa barci. Tambayar ita ce wa ke samun wannan kuɗi, kuma da wane harshe.

Akwai wani dandali da masu wannan sana'a ke haɗuwa a intanet, sunansa Stack Overflow, wanda kowace shekara yake tambayar dubban mutane daga ƙasashe daban-daban harshen da suke aiki da shi da kuma abin da ake biyansu. A 2023 wajen mutum dubu 90 suka amsa. JavaScript ne ya zo na ɗaya wajen yawan masu amfani da shi, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan a jere yana riƙe da wannan matsayi. Sai dai da aka zo jerin albashi, ba a gan shi a sahun gaba ba. Wanda ya zo kan gaba a wannan shekara wani ƙaramin harshe ne mai suna Zig, da mutane ƙalilan suka iya, matsakaicin albashinsa ya haura dala dubu 100. PHP kuwa, wanda sama da kashi 70 cikin 100 na shafukan intanet da aka san harshensu ke tafiya a kansa, yana can ƙasan jeri, bai kai dala dubu 60 ba. A 2021 da 2022 wani harshe mai suna Clojure ne ya yi zarra, a 2024 kuma Erlang. Duk cikinsu babu wanda za ku gani a allon wata cibiya a garuruwanmu.

Wannan ba zai ba mai sayar da albasa mamaki ba. Kowa na cin albasa, babu tukunyar da ba ta buƙatarta, amma lokacin da manoman Galmi da na Madawa suka kwashe gaba ɗaya, buhu faɗuwa yake yi warwas. Wanda ya iya ajiye tasa cikin rudu har damina ta kankama, shi ke faɗin farashi. PHP da JavaScript albasar kaka ce: buƙata na da yawa, amma masu kawowa sun fi yawa, domin su ne aka fi koyarwa, kuma su ne suka fi sauƙin farawa. Erlang kuwa kamfanin wayoyi na Ericsson ne ya ƙirƙiro shi a ƙasar Suwidin cikin shekarun 1980, don na'urorin haɗa kira waɗanda ba a yarda su tsaya ko na minti ɗaya ba. Da shi aka gina injin da ke rarraba saƙonnin WhatsApp, wannan dai da kuke cinikin atamfa da turaren wuta da shi. Lokacin da Facebook ya sayi WhatsApp a 2014 kan dala miliyar 19, ma'aikatan kamfanin duka-duka wajen 55 ne, suna hidimar mutane miliyon 450. Idan mutum ɗaya na riƙe da igiyar miliyoyin masu ciniki, kuma wanda zai maye gurbinsa sai an tona, ai mai kamfani ba zai tsaya taya albashi ba.

To sai wani ya ce, ashe magana ta ƙare, a tura yaro ya koyi Zig ko Erlang. A nan ne ake yin kuskuren lissafi. Waɗanda suka amsa cewa da Zig suke cin abinci a wancan bincike ƴan ɗaruruwa ne kawai, kuma irin waɗannan harsuna galibi tsofaffin hannu ne ke komawa gare su, mutanen da suka riga suka shekara goma ko goma sha biyar suna aiki da wasu harsunan. Kuɗin da aka gani a jerin, rabinsa na shekarun ƙwarewa ne, da kuma ƙasar da mutum yake zaune. Bayan haka, harshe mai tsada guraben aikinsa kaɗan ne. Mai sayar da zinariya ribarsa a kan abu guda ta fi ta mai sayar da gishiri, amma yana iya wuni bai ga mai saye ba, kuma ba a fara kasuwanci da shagon zinariya. Sabon shiga da ya iya Erlang kaɗai, babu shaidar wani aiki da ya taɓa yi, zai fi ɗan'uwansa mai PHP daɗewa yana jiran kira.

Labarin COBOL ya fi kowane nuna yadda buƙata ke wasa da farashi. An ƙirƙiro shi tun 1959, kafin ƙasarmu ta samu ƴancin kai, kuma bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnati na ƙasashen Turawa suka ɗora lissafinsu a kansa. Zuwa shekarun 1990 samari sun guje shi, suna ganin kayan tsofaffi ne. Sai ga shekara ta 2000 ta tunkaro. Tsofaffin manhajoji da lamba biyu suke rubuta shekara, 98, 99, don haka aka ji tsoron idan aka shiga 00 na'ura za ta ɗauka 1900 ce, lissafin bashi da na fansho su rikice. Dole a bi layukan umurni miliyoyi a gyara, kuma ranar ba ta ɗaguwa. Nan take aka shiga neman masu COBOL ruwa a jallo, har waɗanda suka yi ritaya aka kira su dawo, suka faɗi kuɗinsu aka biya. Ma'aikatar ciniki ta Amurka ta ƙiyasta cewa gyaran ya ci wajen dala miliyar 100 a ƙasar kaɗai. Da hannuwa suka kasa, sai aka tura aikin Indiya, kuma kamfanoni irin su Infosys da Wipro da TCS a wannan ƙofa suka ƙara shiga kasuwar Amurka. Da aka wayi gari 1 ga Janairun 2000 lafiya, ciniki ya lafa, kamar telan da aka yi wa layi daren salla, washegari ko mai gaisuwa babu.

Shekara ashirin bayan haka aka sake tunawa da su. A watan Afrilun 2020, da annobar korona ta rufe wuraren aiki, dubun dubatar mutane suka nemi tallafin rashin aiki a jihar New Jersey, na'urorin jihar masu shekara arba'in suka kasa ɗauka. Gwamna Phil Murphy ya fito gaban ƴan jarida yana neman waɗanda suka iya COBOL. Abin lura a nan, masu aikin sa kai ya nema. Buƙata ta kai buƙata, masu iyawa sun yi ƙaranci, amma mai sayen gwamnatin jiha ce mai ƙayyadadden kasafi. Ke nan ƙarancin kaya shi kaɗai ba ya kawo tsada, sai an duba aljihun mai saye. Ragon layya ɗaya ne, amma kuɗin da za a taya shi a kasuwar ƙauye daban yake da na Abijan.

Wani lokaci kuma kayan ne ke mutuwa a hannu. Akwai shekarun da duk wani bidiyo ko wasa a intanet da fasahar Flash ake yin sa, masu harshenta na ActionScript suna cin kasuwarsu. Kamfanin Apple ya ƙi karɓarta a wayoyinsa na iPhone, aka yi ta janyewa, har kamfanin Adobe ya rufe ta a ƙarshen 2020. Waɗanda suka tsira su ne suka koma wani harshe tun da wuri.

Abin da ya fi girgiza albashi a ƴan shekarun nan ma ba daga harshe ya taso ba, daga banki ne. A 2020 da 2021 kuɗin ruwa a Amurka ya kusan zama sifili, jama'a na kulle a gida suna saye da sayarwa ta intanet, manyan kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata suna ƙwace wa juna da ƙarin albashi. A lokacin, ko wanda ya yi horon wata shida yana iya samun gurbi, kuma daga wannan zamani ne yawancin labaran da ake yi mana talla da su suka samo asali. A watan Maris na 2022 babban bankin Amurka ya fara ɗaga kuɗin ruwa, har ya haura kashi 5 cikin 100 a 2023. Bashi ya yi tsada, masu zuba jari suka ɗaure bakin jaka. Kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, ya sallami mutum dubu 11 a watan Nuwamban 2022, ya ƙara dubu 10 a 2023. A watan Janairun 2023 Google ya sallami dubu 12, Microsoft dubu 10, Amazon kuma ya kai dubu 27 cikin ƴan watanni. Ba dukansu ne injiniyoyi ba, amma ƙwararru da yawa sun dawo kasuwa suna neman aiki, kuma idan mai shekara goma a sana'a yana cikin layi, kun san inda za a bar sabon shiga.

Ana cikin haka sai ga ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, kuɗin masu jari suka karkata can, kuma tunda da Python ake yawancin wannan aiki, sai tauraronsa ya ƙara haske. A 2024 dandalin GitHub, inda masu sana'ar ke ajiye ayyukansu, ya bayyana cewa Python ya wuce JavaScript wajen yawan amfani. A watan Yunin 2025 shugaban kamfanin OpenAI, Sam Altman, ya yi zargin cewa Meta na yi wa wasu ma'aikatansa tayin dala miliyon 100 don su sauya sheƙa. Mutanen Meta sun ce an yi ƙari a maganar, amma ko rabin rabinta ne, kuɗi ne da ba a saba ji ba. Sai dai masu tallan “koyi Python ka yi arziki” ba su faɗa maku cewa waɗannan mutane ƴan ƙalilan ne a duniya, yawancinsu masu digirin digirgir a lissafi da kimiyyar kwamfuta. Python a wurinsu kamar almakashi ne a hannun tela: kowa na iya riƙe shi, yankan ne ake biya.

Ita wannan basira kuma ta fara cin abincin ƙananan ma'aikata. A watan Oktoban 2024 shugaban Google, Sundar Pichai, ya ce sama da kashi ɗaya cikin huɗu na sabon umurnin da ake rubutawa a kamfaninsa na'ura ce ke tsara shi, injiniyoyi su duba su amince. Irin aikin da a da ake ba yaro ya koyi hannu da shi ke nan. Wani bincike na jami'ar Stanford da ya fito a watan Agustan 2025 ya gano cewa a Amurka guraben masu rubuta manhaja ƴan shekara 22 zuwa 25 sun ragu da kusan kashi 20 cikin 100 daga ƙarshen 2022, alhali na manyansu ba su ragu ba. Masana na gardama kan ko na'urar ce kaɗai sanadi ko har da tsadar bashi, mu dai a ganinmu ga uwar da ta biya kuɗin horo duk ɗaya ne: ƙofar shiga ta ƙara ƙunci.

Maƙwabtanmu na Najeriya sun riga sun ɗanɗana wannan. A 2014 aka kafa kamfanin Andela a Legas, da niyyar ɗaukar samari masu kaifin ƙwaƙwalwa, a horar da su, a haɗa su da kamfanonin Amurka suna aiki daga gida. Abin ya yi farin jini har gidauniyar Mark Zuckerberg da matarsa ta jagoranci zuba masa dala miliyon 24 a 2016. A watan Satumban 2019 kamfanin ya sallami ƙananan injiniyoyi sama da 400 a Najeriya, Kenya da Uganda. Dalilin da shugabanninsa suka bayar shi ne masu saye ƙwararru suke nema, ƙananan kuwa sun yi yawa har a Amurka kanta, saboda makarantun horon gaggawa sun yi ta yaye su. Yaran nan sun iya harsunan da ake yayi, an kuma tace su tacewa mai tsanani kafin a ɗauke su. Wannan ya faru ne tun kafin ChatGPT ya zo duniya.

Ko an samu aikin daga nesa, kada a ɗauka albashin Amurka za a aiko. Kamfanoni da yawa da mazaunin mutum suke auna abin da za su ba shi. Zuckerberg da kansa ya gaya wa ma'aikatansa a watan Mayun 2020 cewa wanda ya bar yankin kamfanin ya koma gari mai araha, za a daidaita masa albashi. Duk da haka, kuɗin da ake biya da shi na da tasiri, kuma ƴan kasuwar Maraɗi da ke hulɗa da Jibiya da Kano sun fi mu sani. Kafin gwamnatin Najeriya ta saki naira a watan Yunin 2023, dala ɗaya wajen naira 460 take a hukumance, a farkon 2024 ta haura 1,500. Injiniyoyi biyu a Kano, harshe ɗaya, ƙwarewa ɗaya, mai karɓar dala ya wayi gari albashinsa ya ninka uku a kuɗin gida, mai karɓar naira yana kallo. Namu sefa a ɗaure yake da yuro, wajen 656 kowane ɗaya, don haka ba mu da irin wannan faɗuwa, ba mu kuma da irin wannan garaɓasa.

Akwai kuma harshen da ba a rubutawa a allon cibiya, wato Ingilishi. Kusan duk littattafan bayanin waɗannan harsuna da shi ake fara rubuta su, kuma masu biya da tsoka da shi suke magana. Yaronmu da ya tashi da Faransanci kasuwarsa ta farko ita ce ta gida, sai Dakar, Abijan, Maroko da Faransa. Ta gida ƙarama ce, amma akwai ta: bankuna, kamfanonin salula, gidajen aika kuɗi, ƙungiyoyin agaji, ma'aikatun gwamnati, da manyan ƴan kasuwa masu son lissafin shago da na sito ya bar littafi ya koma na'ura. Waɗannan ba Zig suke nema ba. Abin da suka fi buƙata shi ne irin su PHP, Java, JavaScript, da sanin yadda ake tsara rumbun ajiyar bayanai, da mutumin da za a kira idan abu ya tsaya ya zo ya tayar. Albashin ba na miliyoyi ba ne, amma a nan ne ake tara shekarun da daga baya ake sayarwa da tsada. Shigowar Starlink a hukumance cikin 2025 ta rage matsalar layi ga mai halin biya, saura wuta, wadda har yanzu mai aiki da kwamfuta sai ya tanadi batir ko faranti mai aiki da rana.

Saboda haka mu ba mu ce kada a biya wa yaro ko yarinya wannan karatu ba. Sana'a ce ta gaske, kuma jami'o'inmu na Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa na nan ga wanda ya samu bakaloriya yake da ƙarfi a lissafi. Abin da muke cewa, wata uku ba ya mai da mutum injiniya, kamar yadda wata uku a gareji ba ya mai da yaro mai gyaran injin tirela. Wanda ya fahimci tushen aikin, idan kasuwa ta juya yana iya ɗaukar sabon harshe cikin ƴan watanni, wanda kuwa aka haddace masa harshe ɗaya, ranar da aka daina yayinsa sai a sake biyan wani kuɗin.

Kafin Hajiya ta ƙirga wa mai cibiya ko jikka ɗaya, ta tambaye shi yadda take tambayar dillali. Ɗaliban bara su nawa ne, ina suke aiki yanzu, a ba ta lambar mutum biyu ta kira da kanta. Shi malamin wace manhaja ya taɓa rubutawa da ake amfani da ita, a buɗe a nuna mata a salula. Kowane ɗalibi na da kwamfutarsa ko biyar ne ke layi a kan guda. Akwai wurin da za a tura yaro gwajin aiki bayan ya gama ko takarda kawai za a miƙa masa. A kuma sa kuɗin kwamfutar hannu, da na intanet na kowane wata, da na darasin Ingilishi cikin lissafi tun farko, domin waɗannan ukun ba su cikin farashin da ake rubutawa a allo.